Tambaya da Amsa: Ƙwaurina yana ciwo, jikina ya mutu, ga gudun Legas ya matso

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Garun Malam ta Jihar Kano, shekaruna 36, kuma ina taɓa noman rani. Bara na fara gudu domin in rage teɓa, da na ga jikina ya karɓa sai na ƙudurta shiga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu. A da ina yin kamar kilomita 25 a mako a kan hanyar ƙasa ta cikin gonaki, amma da na samu wani jadawali a waya sai na kai shi kilomita 60 cikin makonni shida, na kuma koma gefen kwaltar hanyar Zariya domin an ce mini a kan kwalta ake gudun Legas. Gudu mafi tsawo da na taɓa yi kilomita 24 ne.

Yanzu ƙwaurina na hagu yana ciwo ta ciki, sama da idon sawu kaɗan. Da farko idan jikina ya yi ɗumi sai ya lafa, amma a 'yan kwanakin nan ko tafiya masallaci nake yi ina jin sa, wani lokaci har da dare ina kwance. Kafin in fita nakan sha ƙwayar rage ciwo ta diclofenac da na saya a kemis. Ban da wannan, wata irin gajiya ta kama ni, ina gyangyaɗi a aji, kuma idan na ɗauki buhu a gona sai zuciyata ta riƙa bugawa ina haki. Da asuba nake fita ban ci komai ba, da yamma kuma ina cikin ruwa a gona. Wani mai ɗori ya ce targaɗe ne, abokaina kuma suna cewa raki ne kawai. Saura mako tara, na tara kuɗin mota, kuma kowa a garinmu ya san zan je. Shin in daure in ci gaba, ko kuwa yaya zan yi?

Malamin makaranta, daga Garun Malam

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma saka maka da wannan himma, domin ba kasafai ake samun magidanci mai aikin gwamnati da gona ya ware wa jikinsa lokaci irin haka ba. Shawarata ita ce ka dakatar da gudu daga yau, kada ka jira ƙarshen mako, ka ajiye ƙwayar nan, kuma ka je asibiti a duba ƙafar a kuma auna jininka. A ganina gudun kilomita 42 na Fabrairun nan ya wuce ka, kuma zan yi maka bayanin dalili dalla-dalla domin ka yanke hukunci da saninka.

Ciwon ƙwauri wajen masu gudu iri biyu ne da suke kama da juna a farko. Na ɗaya shi ne wanda fatar ƙashi da tsokar da ke manne da shi suke yin tsami saboda yawan dukan ƙasa. Shi wannan yakan bazu, idan ka bi gefen ƙashin da yatsa za ka ji zafin a tsawon da ya kai faɗin tafin hannu ko fiye, yakan yi tsanani a farkon gudu, ya lafa idan jiki ya yi ɗumi, ya kuma bar mutum ya yi barcinsa. Na biyu shi ne tsagewar ƙashi, wadda ba faɗuwa ko bugu ke kawo ta ba, tarin ƙananan dukan da ƙashin bai samu sararin gyarawa ba ne suke haɗuwa su zama tsaga siririya. Ita wannan wuri ɗaya take zama, har mutum zai iya ɗora kan yatsa guda ya ce ga ta nan, ba ta lafawa da ɗumin jiki, kuma idan ta yi nisa tana bin mutum cikin tafiyarsa ta yau da kullum har zuwa shimfiɗarsa. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne yadda ciwon ya sauya hali, daga wanda yake lafawa zuwa wanda yake raka ka masallaci yana kuma tashe ka da dare. Wannan ita ce hanyar da na farko yake bi ya zama na biyu.

Ka zauna a kan tabarma ka miƙe ƙafar, ka bi ƙashin da babban yatsa daga idon sawu zuwa gwiwa a hankali kana dannawa. Idan ka iso wani ɗan wuri da zafinsa ya sa ka janye ƙafar ba shiri, ko ka ji ɗan kumburi mai tauri a kan ƙashin, ka riƙe wurin a ranka domin ka nuna wa likita. Akwai kuma gwajin yin tsalle da ƙafa ɗaya, wanda mai tsagewar ƙashi ba ya iya jurewa, amma tun da kai ko a tafiya kana jin ciwon, ban ga amfanin ka gwada shi ba. Hannun likita da hoto ne za su raba gardama. Sai dai ka sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagar a makonni biyu ko uku na farko, saboda haka idan aka ce maka hoton bai nuna komai ba, kada ka ɗauke shi a matsayin izinin komawa kan hanya. Ana iya sake ɗaukar hoton bayan makonni, ko a tura ka hoton MRI wanda yake gano ta tun da wuri. Ka fara da babban asibiti mafi kusa da kai, idan da buƙata za su tura ka Asibitin Ƙashi na Dala a cikin Kano. Ina girmama masu ɗori, amma wannan ba gocewa ba ce da za a ja a mayar, kuma murza ƙashin da ya tsage da ƙarfi ƙara masa rauni ne.

Yadda ka kai ga wannan hali a fili yake cikin lissafin da ka kawo da kanka. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya buɗe ya ga kamar zai iya ninka tafiyarsa. Ƙashi da jijiyoyi ba sa wannan saurin, watanni suke buƙata, domin idan aka ɗora wa ƙashi sabon nauyi, jiki yakan fara rushe tsohon ɓangarensa kafin ya cike gurbin da sabo mai ƙarfi, kuma a tsakanin rushewar da cikewar ƙashin ya fi rauni fiye da yadda yake a da. Magina ginin ƙasa sun san wannan, ba sa ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska ya bushe, in ba haka ba katangar ta tsage. Kai kuwa ka tashi daga kilomita 25 zuwa 60 cikin makonni shida, alhali abin da masu horarwa suka saba ba da shawara shi ne ƙarin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a mako, tare da sassautawa a kowane mako na uku ko na huɗu. A daidai lokacin kuma ka bar hanyar ƙasa mai taushi ka koma kwalta. Gefen kwalta a karkace yake domin ruwan sama ya gangare, don haka mai bin gefe ɗaya kullum ƙafarsa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗaya, ga kuma haɗarin manyan motocin hanyar Zariya a duhun asuba, wanda shi kaɗai ya isa ya mayar da kai cikin gonaki. Jadawalin da ka samu a waya wataƙila mai kyau ne, amma an rubuta shi ne domin wanda ya riga ya shekara yana yin kilomita 40 ko 50 a mako, wanda kuma ba ya wuni a tsaye gaban allo sannan ya yi yammaci a gona.

Game da ƙwayar, ciwo shi ne kaɗai hanyar da ƙashin yake da ita ta sanar da kai halin da yake ciki, kai kuma kana rufe masa baki kafin ka fita, kana ƙara masa dukan da da ciwon ya hana ka. Bayan haka diclofenac da danginsa irin su ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu mai tsawo da zufa su ma suna rage shi, idan suka haɗu a jikin da bai sha ruwa ba ƙoda tana iya samun mummunar illa. Shan su da yunwa kuma yana cin bangon ciki, har ya kai ga gyambo mai zubar da jini a ɓoye, wanda shi ma yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan gajiyarka. Idan ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ka faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Ina kuma roƙonka, kada wani ya ba ka tramadol ko dexamethasone da sunan maganin gajiya. Na farkon yana kama mutum ya zame masa jaraba, yana iya jawo farfaɗiya, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Na biyun kuwa idan aka daɗe ana sha yana raunana ƙashi, wato abin da muke nema mu ceto.

Gajiyar ta fi ƙafar damuna ta wata fuskar, domin ita ce abokanka suke kira raki, kuma ita ce mutane suka fi yi wa sakaci. Gajiyar atisaye ta gaskiya tana tafiya idan an huta kwana biyu an ci an ƙoshi. Wadda take sa magidanci mai gudun kilomita 24 ya yi haki don ya ɗaga buhu, zuciyarsa tana dukan uku-uku, tana nuna cewa akwai abin da ya ragu a jiki, kuma abu na farko da zan nema shi ne ƙarancin jini. Ka duba inda kake zaune. Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam yana shan ruwan madatsar Tiga ne ta hanyoyin ruwan noman rani, kuma ruwa mai tafiya a hankali irin wannan shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar tana huda fatar mai tsayuwa cikin ruwa ta shiga jiki ba tare da ya ji ba, daga baya ta riƙa zubar masa da jini kaɗan-kaɗan ta fitsari ko ta hanji, wani lokaci ba tare da ido ya gani ba. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima, ita ma jini take sha. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda a wurin da ruwa ba ya yankewa ba ya jiran damina, kuma a jikin babba yana iya zama ba tare da ya kwantar da shi ba, sai dai ya riƙa cin jininsa. Don haka ka nemi a auna yawan jininka, a yi gwajin zazzaɓi, a duba fitsari da bayan gida, a kuma auna hawan jini da sukari. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi da sinadarin himogulobin ɗinsa, wato abin da ke ba jini launin ja, ya gaza giram 13 a kowace desilita ta jini yana da ƙarancin jini. Duk waɗannan cututtuka suna da magani mai sauƙi, tsargiya alal misali da praziquantel ake kashe ta, amma shan maganin ƙarin jini da ka ba tare da toshe inda jinin yake zuba ba ɓata kuɗi ne. Idan ba ka san rukunin jininka na sikila ba, ka haɗa da shi, domin mai AS yana iya yin gudu, amma ya fi kowa buƙatar kiyaye zafi da ƙishirwa da ƙure kai. Idan kuwa ka taɓa jin ciwon ƙirji, ko jiri har ka kusa faɗuwa a cikin gudu, ko fitsarinka ya yi launin baƙin shayi bayan dogon gudu, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne, a ranar ake zuwa asibiti.

Sai batun abinci, wanda yake haɗa ƙafar da gajiyar wuri ɗaya. Mutumin da yake gudun kilomita 60 a mako, yana koyarwa, yana noma, amma cinsa bai ƙaru a kan na da ba, musamman wanda ya fara da niyyar rage teɓa, jikinsa yakan shiga tsimi, ya rage abin da yake kashewa wajen gyaran ƙashi da tsoka. Masu irin wannan gibin sun fi kowa samun tsagewar ƙashi. Ba ka buƙatar komai daga kanti. Dabino uku ko huɗu da ruwa kafin fita, ko ɗan kunu, sun isa su tayar da kai, idan ka dawo kuma kada ka wuce aji sai ka ci abu mai nauyi, kunun gyaɗa da ƙosai, ko fura da nono, ko ɗumamen tuwo. Wake, ƙwai, kifi, hanta idan ta samu, zogale da alayyafo su riƙa shiga kwanonka, nono kuma yana ba ƙashi abin gininsa. Shayi yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe (iron) mai gina jini da ke cikin hatsi da ganye, saboda haka ka raba shi da abinci da kamar awa ɗaya, ka maye gurbinsa da lemo ko gwaba ko ɗanyen tumatir, waɗanda suke taimaka wa tsotsar. Barci kuma ka ƙirga shi da gaskiya, domin mai tashi kafin asuba da yake hira a dandali har sha ɗaya na dare ba ya samun awa bakwai ɗin da jikinsa yake nema.

Yanzu mu yi lissafin mako taran. Idan tsaga ce, abin da aka saba shi ne makonni shida zuwa takwas ba gudu, wani lokaci fiye, sannan a dawo da tafiya ana sirka ta da sassarfa na wasu makonnin. Ka ga Fabrairu ta zo ta wuce. Idan kuma Allah ya sa tsamin ƙwauri ne kawai, za ka huta mako biyu ko uku, ka sake hawa a hankali, sannan makonni biyu zuwa uku na ƙarshe kafin gasa na rage gudu ne domin jiki ya murmure. Abin da ya rage a tsakiya bai isa ya ɗauke ka daga kilomita 24 zuwa 30 ko 32 da ake so mai shiga karon farko ya taɓa ba, sai dai ka sake yin gaggawar da ta kawo ka nan. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kusan nisan Kano zuwa Wudil, kuma wahalarsa ta gaskiya tana farawa ne wajen kilomita 30, lokacin da sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta yake ƙarewa, ƙafafu su yi nauyi, tafiyar mutum ta lalace, nauyin da tsoka take ɗauka ya koma kan ƙashi. Ƙashi mai tsaga yana iya karyewa gaba ɗaya a irin wannan wuri. Ka ƙara da yanayi: kai kana atisaye cikin sanyin hunturu da busasshiyar iska, Legas kuwa a Fabrairu zafi ne da laima, zufa tana zuba amma ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki, kuma a shekarun baya hanyar gasar ta saba bi ta kan gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, inda babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da irin wannan zafin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na fahimci nauyin da kake ji na cewa gari ya sani, kuma ban raina shi ba, domin a ƙauye magana ba ta ɓacewa. Amma tun 2016 ake yin wannan gasa, kuma ana haɗa ta da tseren kilomita 10. Idan likita ya tabbatar ba tsaga ba ce, jininka kuma ya daidaita, kana iya zuwa ka yi wannan gajeren, ka ga hanya, ka ɗanɗana zafin garin, ka dawo da sanin da zai yi maka amfani baɗi. Idan tsaga ce, kuɗin motar su tafi wajen hoto da magani da takalmi. Kafin nan, idan likita ya amince kuma ba ka jin ciwo a kai, keke zai riƙe maka numfashinka ba tare da dukan ƙashi ba. Kada ka yi iyo a hanyar ruwa ko kududdufi saboda abin da na faɗa a kan tsargiya, kuma ka nemi takalmin roba mai tsawo domin aikin gona. Ranar komawa gudu ita ce ranar da ka yi tafiyar rabin awa da sauri ba ciwo, ka danna wurin ba ciwo, aka kuma sallame ka. Ka fara a hanyar ƙasa, minti ɗaya sassarfa minti biyu tafiya, kana tsallake rana, tare da ƙarfafa sha-raɓa ta hanyar ɗagawa a kan yatsun ƙafa kana dafe da bango. Ka rubuto mana sakamakon gwajin idan ya fito. Allah ya ba ka lafiya.

TAMBAYA

Likita, ni ɗalibi ne ɗan shekara 19 daga wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa. Ina son gudun dogon zango amma ba ni da kuɗin sabon kambas, kuma na ji an ce wani ɗan Habasha ya taɓa cin gasar duniya ba takalmi. Zan iya yin atisaye haka nan?

Ɗalibi, daga Ringim

AMSA

Ɗana, labarin gaskiya ne. Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Sai dai a 1964 a Tokyo ya sake ci sanye da takalmi, kuma ya fi sauri, awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Shi soja ne da ya daɗe yana horo, ƙafarsa ta riga ta saba. A hanyoyinmu akwai ƙaya da tsidau da fasassun kwalabe, ga tsutsar da na ambata a sama mai shiga ta tafin ƙafa, saboda haka ban ba ka shawarar dogon gudu ba takalmi ba, kuma silifas ya fi rashin takalmin ma illa domin yatsu suna ƙanƙame shi tafiya ta karkace.

Gwanjo ya wadatar idan ka iya zaɓe, kuma a Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ana samun sa. Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin. Kyan saman kada ya ruɗe ka, ƙasan za ka duba. Ka ajiye shi a kan benci ka kalle shi ta baya, idan ya karkata gefe ɗaya mai shi na farko ya riga ya cinye shi. Ka danna soson tsakiya da yatsa, idan ya yi tauri kamar katako ko ya cika da tamoji, ka ajiye ka ɗauki wani. Sabon takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu, na gwanjo kuwa ya riga ya ci wani kaso daga ciki, don haka ka ware shi domin gudu kaɗai, kada ka je makaranta ko ƙwallo da shi, kuma idan ka wanke ka shanya shi a inuwa domin rana tana busar da gam ɗinsa.